Laftof ɗin gem yana zafi fiye da kima: yadda ake bin sawun matsalar kafin a kashe kuɗi

Laftof ɗin gem dama da zafinsa aka ƙera shi. Firosesar da ke ciki tana shan wat 45 zuwa sama da 100 idan aiki ya yi nauyi, katin girafik kuma yana kai wa wat 175 a manyan samfura, kuma kusan duk wutar da suka sha zafi take komawa. Duk wannan a cikin jikin da kaurinsa bai wuce santimita biyu zuwa uku ba. Saboda haka ɗumin da kake ji a saman kibod, ko ƙarar fanka kana tsakiyar Warzone, ba shi ke nuna akwai ciwo ba.

Ciwon yana da nasa alamomin. Gem ya fara lafiya lau, bayan minti goma ko sha biyar ya soma sarƙewa, ka rufe shi na ɗan lokaci ka dawo ya sake tafiya sumul. Ko fanka ta yi ta ihu alhali ba abin da ka buɗe sai burauza. Ko kwamfutar ta ɗauke ɗif ba gargaɗi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ne ya same ka, kada ka fara da sayen faifan sanyaya (abin ɗora laftof mai fanka a ciki) ko canza man sanyaya da ake shafa wa firosesa, kamar yadda yawancin mutane ke yi. Galibi abu biyu ne ke jawo wannan: ko zafin ya rasa hanyar fita, ko kuma ana haifar da shi fiye da abin da hanyar za ta iya ɗauka. Aikinka shi ne ka gano wanne ne naka.

Fara da awo

Sauke HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafin kayan cikin kwamfuta, kyauta ce. Idan ta buɗe ka zaɓi Sensors-only. Za ka ga dogon jeri mai ban tsoro, amma layuka kaɗan ne naka: zafin firosesa, wato CPU Package a Intel ko Tctl/Tdie a AMD; zafin GPU, wato katin girafik, da na GPU Hot Spot, wurin da ya fi zafi a jikinsa; gudun kowace cibiya ta firosesa; da layin da aka rubuta Thermal Throttling, wanda ke nuna Yes ko No. Bar kwamfutar minti biyar ba ta komai, ka rubuta abin da ka gani a takarda. Sannan ka danna hoton agogon da ke ƙasa don share tsoffin lambobi, ka shiga gem ɗin da ya fi ba ka matsala, ka yi minti ashirin zuwa talatin, ka fito ka rubuta Maximum da Average. Wannan takardar ka adana ta. Duk gyaran da za ka yi nan gaba, da ita za ka san ko ya yi amfani ko kuwa ranka ne kawai ya ba ka.

Yawancin firosesocin Intel na laftof iyakarsu digiri 100 ne, na AMD kuma tsakanin 95 da 105, ya danganta da samfuri. Katin Nvidia na laftof yana fara ja da baya a wajen digiri 87. Idan suka kai iyaka ba ƙonewa suke yi ba, rage gudu suke yi da kansu don su tsira, kuma wannan ragewar ita ce sarƙewar da kake gani a gem. Firosesa da ke yawo tsakanin 75 da 90 lokacin wasa, da katin girafik tsakanin 70 da 82, lafiyarsu ƙalau. Idan Maximum ya taɓa 96 na daƙiƙa ɗaya amma Average yana 84, bar shi. Wanda ya dace ka damu da shi shi ne wanda ya hau 95 ko 100 ya zauna a can, gudunsa yana faɗuwa, layin Throttling kuma ya koma Yes.

Akwai lamba ɗaya da masu ba da shawara a intanet ke mantawa da ita, ita ce zafin ɗakin. Masu gwada laftof a YouTube suna yi ne a ɗakin da bai wuce digiri 21 zuwa 25 ba. Kai kuma idan kana Kano ko Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu, waje ya haura 40, ɗakin da ba esi yana iya kai 35 ko fiye da yamma. Fanka ba ta da wata iskar da za ta ja sai ta ɗakin, don haka kusan kowane digiri da ɗaki ya ƙara, firosesa ma za ta ƙara shi. Idan wani ya samu 80 a ɗakinsa mai 23, kai ka samu 92 a ɗaki mai 35, kwamfutarku ɗaya ce, lafiyarta ɗaya. Kamfanonin ma galibi digiri 35 suke rubutawa a matsayin iyakar zafin wurin da za a yi aiki da laftof. Don haka ka riƙa yin awonka a lokaci ɗaya na rana, kada ka gwada na azahar da na bayan isha'i ka ce gyara ya yi.

Gwajin tafin hannu

Kafin ka taɓa sukurudireba, yi wannan. Kana tsakiyar gem, fanka ta tashi sosai, ka sa tafin hannunka a gaban kowace ƙofar da iska ke fita, ta baya da ta gefe. Abin da ka ji zai raba maka hanya gida huɗu.

Fanka tana ƙara amma iskar da ke fitowa ba ta da ƙarfi: hanya ta toshe, ƙura ce. A ƙasarmu wannan shi ne mafi yawa, nesa ba kusa ba.

Iska tana fitowa da ƙarfi amma ɗumi-ɗumi ce kawai, alhali HWiNFO na nuna 97: zafin bai isa wurin fanka ba. Ya maƙale tsakanin firosesa da tagullar da ke kanta mai ɗauke zafi. Man sanyaya ya bushe, ko tagullar ba ta zauna daidai ba, ko bututun tagullar da ke kai zafi wurin fanka ya mutu.

Iska tana fitowa da ƙarfi, da zafi har ka kasa barin hannunka: tsarin sanyaya yana aikinsa. Nauyin ne ya yi masa yawa, ko ɗakin ya yi zafi. A nan buɗe kwamfuta ba zai ƙara maka komai ba, saiti za ka gyara.

Gefe ɗaya yana hurawa, ɗayan shiru: fanka ɗaya ta tsaya. Sai dai ka tabbatar a cikin gem ka gwada, domin wasu samfura da gangan suke kashe fanka idan ba aiki.

Duba wa ke cin wutar a ɓoye

Idan kwamfutar tana zafi ko ba ka wasa, danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe. Jera abubuwan bisa CPU, sannan bisa GPU. Kwamfutar da ke zaune bai kamata ta wuce kaso biyar zuwa goma ba. Wani lokacin Windows ce ke sabunta kanta, wannan zai wuce. Wani lokacin manhajojin buɗe gem ne guda huɗu suka tashi tare da kwamfutar, ka kashe su a shafin Startup.

Amma idan kana cikin masu karɓar gem a filashi ko sauke wanda aka fasa, ka yi zargin ɓoyayyiyar manhajar haƙar kirifto. Da yawansu suna da wayo, suna lafawa da zarar ka buɗe Task Manager. Alamar ita ce fanka tana ihu, kana buɗe shi ta yi shiru, kana rufewa ta dawo. Bar HWiNFO a buɗe ka kalli nauyin GPU daga can. Sannan ka shiga Windows Security ka yi Full scan, ka bi shi da Microsoft Defender Offline scan, wanda ke sake kunna kwamfutar ya bincika kafin Windows ta gama tashi. Idan abin ya ƙi fita, sake sa Windows ya fi ɓata kwana uku kana farauta.

Inda kake ajiye ta

Juya laftof ɗin ka dubi ƙasansa. Waɗannan ramukan ta nan yake shaƙar iska, kuma ƙafafun robarsa milimita kaɗan suke ɗaga shi. Katifa, bargo, filo, darduma, kafet, cinya, duk suna rufe ramukan ruf, kuma suna cika shi da zare da gashi. Tebur ko katako mai santsi kawai. Ka bar tazarar aƙalla taƙi ɗaya tsakanin bayansa da bango, kada iskar da ya fitar ta dawo masa.

Sannan ka ɗaga bayansa santimita biyu zuwa uku, da ɗan katako ko murafun kwalba biyu a ƙarƙashin ƙafafun baya, ba tare da ka tare ramuka ba. Sake awo. Sau da yawa wannan kaɗai yana sauke digiri kaɗan, kuma ko sisi ba ka kashe ba. A ganina faifan sanyaya mai arha, mai fitilu masu launi da fanka marar ƙarfi, yawancin amfaninsa wannan ɗagawar ce. Wanda ke da tasiri na gaske shi ne mai babbar fanka ɗaya da soso a kewaye wanda ke tilasta iskar ta shiga ramukan, kuma shi da tsada, da ƙara.

Kada ka ɗora kwamfuta a kan ƙanƙara ko ledar ruwan sanyi, kada ka sa ta a firji, kada ka saita mata na'urar sanyaya mai amfani da ruwa kai tsaye. Raɓa ce za ta taru a madabod, babban allon lantarkin da ke ciki, kuma gyaran wannan ya fi na zafi tsada sau da yawa. Fankar tebur da ke kore iska mai zafi daga kewayen ba laifi.

Ƙura

Nan ne gizo ke saƙar. Tsarin sanyaya laftof tamkar lagireton mota ne: bututun tagulla ya ɗauko zafi daga firosesa ya kai shi wasu siraran faranti da aka jera kusa da kusa a bakin ƙofar iska, fanka kuma ta hura ta tsakaninsu. Tazarar da ke tsakanin farantan nan ba ta fi milimita ɗaya ko biyu ba. Hunturu ɗaya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya isa ya liƙe su. Kuma ƙurar ba ta waje take taruwa ba, inda za ka gan ta. Ta ciki take, tsakanin bakin fanka da farantan, inda take haɗuwa da zare da gashi ta zama shimfiɗa guda mai toka-toka wadda za ka iya kama gefenta ka ɗago gaba ɗaya. Shi ya sa hura iska ta waje ba ya magance ta, sai dai ya tura ta cikin fanka.

Kafin ka buɗe, idan kwamfutar tana da garanti ka karanta sharuɗɗansa. Nemi bidiyon buɗe ainihin samfurinka, lambar tana rubuce a ƙasa, ka kalla har ƙarshe. Kayan aiki: ƙaramar sukurudireba mai kan giciye, tsohon katin banki, burushi mai laushi, tsinken sakace, tocila, da robar hura iska irin ta masu gyaran waya ko gwangwanin iska.

Kashe kwamfutar gaba ɗaya, cire caja. Kwance notunan ƙasa kana jera su a kan takarda daidai yadda suke a jiki, domin tsayinsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon noti a gurbin gajere yana iya huda har saman. Zura katin a tsaga ka bi gefe a hankali, za ka ji maƙalai suna sakin juna. Kada ka fizge murfin, wasu samfuran ROG Strix na ASUS suna da siririyar wayar fitilu manne da shi. Taɓa wani ƙarfe kafin ka sa hannu ciki, musamman da hunturu, lokacin da iska ta bushe jiki ke tara wutar nan da ke tsirawa idan ka taɓa ƙofar mota. Abu na farko da za ka cire shi ne soket ɗin batir, kana riƙe da robar, ba wayoyin ba. Sannan ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wuta ta fita.

A yawancin samfura fanka tana fita da noti biyu ko uku da ƙaramin soket ɗaya. Ɗaga ta, ka dubi bakin farantan. Ɗebe shimfiɗar da yatsa ko tsinke, ka share da burushi, sannan ka hura daga ciki zuwa waje. Haska tocila ta bayan farantan, sai ka ga haske yana ratsa kowace tsaga kafin ka ce ka gama. Fukafukan fankar ma ka bi su ɗaya bayan ɗaya da burushi, suna da laushi, suna karyewa. Duk lokacin da za ka hura iska kusa da fanka ka riƙe ta da yatsa, kada ka bar ta tana juyawa fiye da ƙarfinta. Gwangwanin iska a tsaye ake riƙe shi, in ka karkata shi ruwa mai sanyi zai feso. Kuma kada ka kai ta wurin mai faci ya hura mata da injinsa: ƙarfin ya yi yawa, iskar kuma tana zuwa da ruwa da mai.

Wasu samfura fankarsu a haɗe take da tagullar, ba ta fita ita kaɗai. Idan taka haka take, ka tsaya a iya abin da burushi ya kai, sai ranar da ka tanadi sabon mai, domin duk ranar da aka ɗaga tagulla dole a canza shi.

Mayar da soket ɗin fanka, mayar da na batir, rufe, auna. Wanda ke zaune a Arewa ko Nijar ya yi wannan aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya lallai a ƙarshen hunturu, kafin zafin Maris da Afrilu ya iske kwamfutar a toshe. Laftof na hannu da aka shigo da shi daga waje kuwa, ka ɗauka ba a taɓa share shi ba, komai ƙyallin jikinsa.

Rage zafin tun daga tushe

Idan hanya a buɗe take amma lambobin ba su sauka yadda kake so ba, saura saiti. Mafi sauƙi kuma mafi tasiri shi ne ƙayyade firem, wato yawan hotunan da gem ke fitarwa a daƙiƙa ɗaya. Idan sikirin ɗinka na 60Hz ne, katin girafik yana fitar da firem 170 a gem, wutar da yake ƙonawa a kan ɗari da goma ɗin nan yawancinta asara ce. A Nvidia Control Panel, ƙarƙashin Manage 3D settings, akwai Max Frame Rate, ka sa shi daidai da sikirin ɗin ko ƙasa kaɗan. Ko ka yi daga cikin gem ɗin. Sauke inuwa da haske daga Ultra zuwa High, da wuya idonka ya ga bambanci ana gudu ana harbi. Idan katinka RTX ne kuma gem ɗin yana da DLSS, fasahar Nvidia mai rage wa katin nauyi, kunna shi tare da ƙayyade firem.

Sai manhajar kamfani: Armoury Crate a ASUS, Vantage a Lenovo, NitroSense ko PredatorSense a Acer, MSI Center, Omen Gaming Hub a HP. A nan mutane ke ruɗewa. Turbo ko Performance ba yanayin sanyi ba ne. Yana ƙara gudun fanka, amma yana kuma sakar wa firosesa wuta fiye da da, sai zafin ya ƙaru. Abin da kake nema a lokacin zafi shi ne wuta matsakaiciya da fanka mai ƙarfi: zaɓi Balanced, sannan ka ɗaga fanka da hannu idan manhajar ta ba da dama. A Legion na Lenovo, Fn da Q ke sauya yanayi, a ASUS kuma Fn da F5. Ƙarar fanka ba ta kashe kwamfuta, ka sa abin kunne.

Idan firosesa ce ke hawa 95 katin girafik yana zaune a 75, hana ta ƙarin gudun nan da take yi da kanta. Shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, Processor power management, ka mayar da Maximum processor state daga 100 zuwa 99. Kaso ɗayan nan yana hana ta tsallake asalin gudunta, kuma a kwamfutoci da yawa zafin yana faɗuwa da digiri goma ko fiye. A gem ɗin da katin girafik ne ke ɗauke da nauyi, firem kaɗan za ka rasa. A irin su Valorant ko Counter-Strike, masu dogaro da firosesa, za ka ji a jikinka, sai ka auna ka zaɓa. A Intel na ƙarni na 12 zuwa sama dabarar ba koyaushe take kamawa ba, sai ka yi amfani da Disable Turbo a manhajar ThrottleStop, ko manhajar G-Helper idan ASUS ce.

Tsoffin bidiyoyi za su ce ka rage wa firosesa boltej da ThrottleStop ko Intel XTU. Dabara ce mai kyau a zamaninta, amma tun bayan da aka bayyana raunin tsaron da ake kira Plundervolt a Disambar 2019, kamfanoni da yawa suka kulle wannan ƙofar ta hanyar sabunta BIOS, manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows. Idan ka tarar da taka a kulle, bar ta haka. Kada ka bi masu cewa ka mayar da tsohon BIOS ko ka yi masa kutse, ballantana a garin da wuta ke iya ɗaukewa kana tsakiyar aikin.

Canza man sanyaya

Wannan shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Ka zo nan idan ka share ƙura, gwajin hannu ya nuna iska mai ƙarfi marar zafi, ko kuma lambobin sun nuna: wata cibiyar firosesa ta fi 'yan'uwanta zafi da digiri 15 ko fiye a aiki ɗaya, ko Hot Spot ya zarce zafin GPU da sama da 20. Kwamfutar da ta shekara biyu zuwa uku tana gem, da ma lokaci ya yi.

Da farko bincika ko samfurinka ruwan ƙarfe aka sa masa maimakon mai. ASUS ta sa shi a ROG da yawa tun daga 2020, wasu Predator da Alienware ma suna da irinsa. Wannan ruwan yana ɗaukar lantarki, ɗigo ɗaya a madabod ya isa ya kashe ta, kuma yana cin alminiyom. Idan shi ne a taka kuma ba ka taɓa yi ba, wannan aikin ba na koyo ba ne, kai wa wanda ya saba.

Idan mai ne na yau da kullum, sayi na kirki. Farin man nan mai arha da ake sayarwa a babban sirinji yana iya yin kyau a makon farko, bayan wata guda ka koma inda ka fito. Dalili shi ne ƙwayar firosesar laftof tsirara take, ba murfin ƙarfe a kanta, kuma yawan zafi da hucewa yana tura mai mai ruwa-ruwa zuwa gefe har tsakiya ta bushe. Mai kauri ya fi daɗewa, irin su Arctic MX-6. Wanda na fi so a laftof shi ne Honeywell PTM7950, siririn falle ne da ke narkewa a wajen digiri 45 ya cike gurbi, kuma ba ya gudu gefe. Jabunsa sun yi yawa, ka kula da inda kake saye.

Cire soket ɗin batir kamar da. Notunan tagullar suna da lambobi a gefensu. Sassauta su daga babbar lamba zuwa ƙarama, rabin juyi kowanne, kana zagayawa, don kada nauyi ya taru a kusurwa ɗaya. Ɗaga ta a miƙe da hannu biyu kana ɗan motsa ta, kada ka ja ta da bututu. Bututun nan rami ne a ciki, da ɗan ruwa da ke tururi ya kai zafi gaba ya dawo, in ya lanƙwashe ko ya huje ya tashi daga aiki.

Za ka ga murabba'i biyu masu sheƙi, su ne firosesa da GPU, da busasshen mai a kansu. Goge su da sifirit na isofurofil mai kaso 90 ko fiye da ƙyalle marar zare, haka ma fuskar tagullar, har su yi tas. Ba fetur, ba kananzir, ba kankarewa da ƙarfe, kusurwoyin ƙwayar suna ɓantarewa. Kewaye da su akwai ƙananan gutsattsarin abu mai laushi, ko wani mai kauri mai kama da ƙulli, a kan ƙwayoyin ma'adanar katin girafik da masu rarraba wuta. Kada ka zubar da su, kada ka maye gurbinsu da man firosesa. Idan sun yage dole ka sa masu kauri iri ɗaya, rabin milimita ko ɗaya ko ɗaya da rabi, gwargwadon na asali. Wanda ya fi kauri zai ɗage tagullar daga kan ƙwayar, ka rufe ka tarar zafi ya fi na da. Yawancin waɗanda ke cewa sun canza mai abin ya ƙara lalacewa, a nan suka yi tuntuɓe.

Shafa man siriri ya rufe fuskar ƙwayar duka har kusurwoyi. Idan PTM7950 ne, sa shi a firji na ɗan lokaci kafin ka yanka daidai girman ƙwayar, ledarsa ta fi saurin ɓarewa da sanyi, kuma leda biyu ce, sama da ƙasa. Sauke tagullar sau ɗaya, a miƙe. In ka ɗaga don leƙawa, sai ka goge ka sake. Ɗaure notuna daga 1 zuwa sama, rabin juyi kowanne, har su tsaya da kansu. Duba soket ɗin fankoki sau biyu kafin ka rufe. Shi PTM7950 sai ya yi zafi ya huce sau da yawa kafin ya nuna ainihin aikinsa, kada ka yanke hukunci a daren farko.

Idan duk wannan bai yi ba

Mai sabo, zama daidai, iska mai ƙarfi amma har yanzu ba zafi a cikinta: bututun ya mutu. Ba a gyara shi, tagullar gaba ɗaya ake canzawa, da lambar samfuri. Fankar da ke gurnani ko kaɗawa ita ma canji take so, lambarta tana kan takardar da ke bayanta, ka lura ko ta bolt 5 ce ko 12, kuma ta hagu da ta dama ba sa shiga gurbin juna.

Dubi cajarka. Laftof ɗin da ya zo da caja mai wat 230 ba zai zauna lafiya da mai 120 ba ko da bakin ya shiga. Cajar za ta yi zafi kamar me, batir kuma zai riƙa cike giɓin yana sauka kana wasa. Kada ka bar tubalin cajar a kan kafet ko ƙarƙashin filo.

Idan wurin jan linzami ya fara tasowa, ko murfin ƙasa ya ƙi zama daidai, batir ne ya kumbura. Daina caji, kada ka matsa shi, kada ka huda shi, a canza shi. Batir yana saurin tsufa idan yana cike dam cikin zafi, shi ya sa MyASUS da Lenovo Vantage da makamantansu suke da wurin tsayar da caji a kaso 60 ko 80. Mai sola ko inbata ya sa 60. Wanda ke jiran wutar gari, 80 ta fi masa.

Wanda kuma yake ciro kwamfuta daga jaka ya same ta da zafi batir ya ƙare, ba fanka ba ce. Barcin Windows na zamani ba barci ne sosai ba, tana iya farkawa a cikin jakar. Yi Hibernate ko ka kashe ta kafin ka zuge zif.

Idan kuma ka yanke shawarar kai wa mai gyara, tafi da takardar awonka da man da ka saya da kanka. Ka ce masa, Malam, a gabana nake so a buɗe, a cire fanka a share farantan, kada a taɓa masu laushin nan na gefe. In an rufe, ku kunna gem ɗin nan dai na farko tare da HWiNFO, minti ashirin, ku gwada lambobin da na takarda kafin ka biya.